Zaure Ƙofa Biyu Gare Shi

Da bakwai da rabi na safe 'yan makaranta ke wucewa ta ƙofar gidanmu a birnin Zariya. Ba sai an duba agogo ba, hayaniyarsu ta isa. Akwai wata tsaga a jikin ƙyauren zaurenmu, daidai idon yaro ɗan shekara takwas in ya durƙusa, ta nan nake leƙensu. Wani ya rataya jakar buhu, wani ya saƙale tsintsiya a hammata, wani yana tafe yana ƙirga kuɗin tara, na baya kuma suna sheƙa gudu don tsoron bulalar makara. Ba na jimawa ina kallo sai in ji Baba ya ƙwanƙwasa baƙin allo da alli sau biyu. Ba ya cewa uffan. Sai in koma kan tabarma tsakanin yayata da ƙanena, mu ɗora daga inda muka kwana jiya.

Ban taɓa zama a aji ba sai da na shiga jami'a. A wannan zaure na yi firamare, a cikinsa na yi sakandare. Da Allah ya ba ni nawa 'ya'yan, su huɗu, su ma a gida suka fara. Shi ya sa tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, aka kuma shiga kwashe ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, ga kuɗin makaranta da ke hawa kusan kowane zango, ba na rasa ango ko amarya da za su tare ni da tambaya: "Malam, ashe ana iya karantar da yaro a gida? Mu ma muna so mu gwada." Ƙannena, ana iyawa. Sai dai amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya. Bari in zauna in ba ku ita da zaƙinta da ɗacinta, tun da na sha duka biyun, na kuma shayar.

Mahaifinmu malamin firamare ne. Yana cikin aikin aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, zamanin Janar Obasanjo. Niyya ce mai kyau, amma yara suka kwararo fiye da yadda aka shirya musu. Ajin da ya saba koyar da yara arba'in ya haura ɗari, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Yakan ce a irin wannan aji kiwo malami yake yi. Bayan 'yan shekaru ya ajiye aikin, ya buɗe ɗan shagon littattafai da kayan rubutu, ya ƙudurta cewa nasa 'ya'yan da hannunsa zai karantar da su. Dangi suka yi surutu har suka gaji.

Tsarin gidanmu bai da wuya. Bayan asuba karatun allo: a biya, a wanke, a rubuta sabo. Daga hantsi zuwa azahar boko: Hausa, Turanci, lissafi, tarihi, labarin ƙasa. Da rana Baba ya tafi shago. Tsakanin magariba da isha'i littattafai, daga Ahalari da Ishmawi har Iziyya da Risala. In an ci tuwo a kunna rediyo, an gama labaru a tambaye ka me ka ji. Ran da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, kai za ka karanta wa Inna ita da ƙarfi tana tankaɗe. Alhamis da Juma'a hutu.

Ba zan butulce ba, na samu abin da kuɗi ba ya saye. Ban san tsoron tambaya ba, don a zaure babu mutum ɗari da za su ƙyalƙyale da dariya in ka yi kuskure. Ban san ƙararrawar da ke datse darasi yana tsakiyar daɗi ba. Ranar da na faɗa cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, Baba ya dube ni, ya share abin da ya rubuta a allo, ya bar ni da littafin har azahar. Rabi da kwata da rake na koye su. Ya shigo da kara mai gaɓa takwas ya ce: "Rabi na yayarka, kwata na ƙanenka. Faɗi gaɓa nawa ne naka, in ka kuskure na Inna ne." Sau ɗaya Inna ta sha rakena, ban sake kuskurewa ba.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ke zuwa a rubuta mata wasiƙa zuwa ga ɗanta a Legas. Ina ɗan shekara goma Baba ya miƙo mini biro ya ce yau ni zan rubuta. Tsohuwa ta fara da gaisuwa, ta bi da labarin akuyar da ta haihu da katangar da ruwa ya ci, sannan ta sauke murya ta ce a gaya masa idonta ya soma hazo. Ni kuwa da zumuɗin nuna gwaninta na ƙawata maganar da wasu manyan kalmomi da na tsinta a jarida. Da na karanta mata sai ta yi shiru, can ta ce: "Yaro, wannan ba muryata ba ce, ba zai gane ni ba." Baba ya karɓi takardar ya ninke, ya ba ni sabuwa ya ce: "Rubuta abin da ta faɗa." Yau sama da shekara arba'in ke nan, duk abin da na sani game da rubutu daga wannan hantsi ya tsiro.

To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu ɗakin wuri uku yake yoyo, kuma don kada ruwan ya zubo muku ne na ɗauki alƙalami.

Yoyo na farko: iliminmu ya tsaya inda na Baba ya tsaya. Shi gwanin harshe ne da tarihi, lissafinsa kuwa bai wuce abin da malamin firamare ke buƙata ba. Kimiyya a littafi muka gan ta, muka haddace ta kamar Ishiriniya. Da na zauna jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu, wadda ake ce wa GCE, lissafi ya kayar da ni. Sai da wani ɗalibin jami'a maƙwabcinmu ya zauna da ni wata takwas kafin na tsallake a zama na biyu. Tambayoyin ɗakin gwaji kuwa a takarda na amsa su. Ranar farko da na shiga ɗakin gwaji na gaske a jami'a, aka ce kowa ya cika dogon bututun gilashin nan mai ɗan famfo a gindi. Na san sunansa, na san hotonsa, na iya lissafinsa har da ka. Na ɗaga kwalba na tsiyaya, ban san famfon a buɗe yake ba. Ruwan ya bi tebur ya jiƙa mini gaban riga. Wata ɗaliba da ke gefena ta miƙa hannu ta murɗa famfon, ta ce a hankali: "Malam, wace makaranta ka yi?" Na ce ta gidanmu. Ta yi dariya, ta ɗauka raha nake.

Yoyo na biyu ya fi wannan ciwo: ban iya zama da tsarana ba. Na iya durƙusa wa babba, na iya lallashin ƙarami, amma wanda muke kai ɗaya ban san yadda ake da shi ba. A ɗakin kwanan ɗalibai aka tsokane ni da wasan da Bazazzagi ke sha a bakin Bakano tun kaka da kakanni, na ɗauka zagi ne, na yi kwana uku ba na kula kowa. In ana musu ban iya sarara wa kowa ba, in an kayar da ni ban iya dariya in wuce ba. Abin da yaro ke koya a filin langa da ƙwallon tsumma yana ɗan shekara tara, yadda ake faɗa da safe a shirya da yamma, yadda ake jiran layi, yadda ake cin kaye, ni sai da gemu ya fito mini na fara koyonsa, kuma da tsada na saya.

Yoyo na uku ba a kaina ya zuba ba, a kan yayata ya zuba. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Amma duk ranar da Inna ba ta jin daɗi, ita ake tasowa daga tabarma ta hura wuta. Ranar suna a maƙwabta ita, ranar baƙi ita. Da a makaranta take, da wani malami ya lura ba ta zuwa, ya aiko a tambaya. A zaure babu mai kiran suna, babu rajista, babu baƙon ido. Karatunta ya dinga zubewa da kaɗan da kaɗan kamar hatsi a hujajjen buhu, ba wanda ya yi nufin haka, ba kuma wanda ya gani. Aka yi mata aure ba takarda ko ɗaya a hannunta. Sai da ta haifi huɗu, ta zauna jarrabawar gama sakandare a shekara ɗaya da 'yarta ta fari. Ta ci. Ranar da sakamakon ya fito Baba ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

Da na girma na duba yadda abin yake a wasu ƙasashe, sai na tarar yoyon namu ba baƙo ba ne. A Amurka, inda karatun gida na wannan zamani ya fi ƙarfi, wani tsohon malamin makaranta mai suna John Holt na cikin waɗanda suka assasa shi. Ya yanke ƙauna daga gyaruwar makarantu, a 1977 ya fara fitar da mujalla don iyayen da suka cire 'ya'yansu. Daga baya iyalai Kiristoci masu riƙon addini suka shigo da yawa, suka kafa ƙungiyar lauyoyi a 1983 don kare kansu a kotu, zuwa 1993 abin ya halatta a duk jihohi hamsin na ƙasar. Ma'aikatar iliminsu ta ƙiyasta yara kusan 850,000 ne ke karatu a gida a 1999, zuwa 2012 sun kusa miliyan 1.8. A shekarar korona, hukumar ƙidayarsu ta ga gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 zuwa kashi 11.1 cikin ɗari a 'yan watanni. Da yawa sun fito da kyakkyawan sakamako. Amma a 2013 wasu da suka tashi a karatun gida, irina, suka kafa tasu ƙungiyar suna neman hukuma ta riƙa leƙa irin waɗannan gidaje, don sun san abin da rufaffiyar ƙofa ke iya ɓoyewa. A 2018 aka gano 'ya'ya goma sha uku a wani gida a jihar Kalifoniya, a kulle, cikin yunwa, wasu ɗaure da sarƙa, alhali uban ya yi wa gidan rajista a matsayin makaranta.

Shi ya sa ƙasashe suka rabu a kan lamarin. Ingila ta yarda. Afirka ta Kudu ta yarda, amma sai an yi wa yaro rajista da hukuma. Faransa ta yi doka a 2021 cewa sai an nemi izini. Jamus ta hana, har a 2019 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ba hukumomin ƙasar gaskiya a ƙarar wasu iyaye da aka raba da 'ya'yansu na ɗan lokaci saboda sun ƙi kai su makaranta. Ko inda babu mugunta, son da ya yi yawa yana iya yin ɓarna. Masanin nan na Ingila John Stuart Mill, wanda aka haifa a 1806, ubansa ya fara koya masa Girkanci yana ɗan shekara uku, Latin yana ɗan takwas, ya kuma nesanta shi da sauran yara. Ya zama gagarabadau a ilimi, amma yana shekara ashirin wani ƙunci ya rufe shi wanda ya daɗe bai sake shi ba, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari. Hausawa sun riga sun faɗa: ka so naka, duniya ta ƙi shi.

Mu kuma karatun gida ba daga Turai muka aro shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wajen mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahin Gwandu shi ma a gida ya fara, a hannun mahaifinsu, sannan a hannun Shehun. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gidan mahaifinta ta yi karatun da ya sa ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma ku dubi abin da ya biyo bayan wannan farawa. Shehu ya fita, ya zauna gaban kawunnansa da wasu malamai, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Abdullahi ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wajensu. Nana Asma'u ta naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa, suka ɗauki karatu daga ɗakinta zuwa ga matan ƙauyuka, abin da aka sani da 'Yan Taru. Shehu kuma ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da 'ya'yan wasu safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ga yayata nan a cikin wannan suka, shekaru kusan ɗari biyu kafin a haife ta.

Wanda ya fara gina zaure ya san abin da yake yi. Ƙofa biyu ya yi masa, ɗaya tana kallon cikin gida, ɗaya tana kallon hanya. Shi ya sa magabata suka zaɓe shi wurin karatu: ɗan gida ya fito ta ciki, almajiri ya shigo ta waje, su haɗa gwiwa a tabarma ɗaya, in ɗan gida ya ƙoshi da abin da ke wajen ubansa ya fita ta ƙofar waje ya nemi ƙari. Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba mu zaure, amma ya tura ƙyauren waje ya sa sakata. Kuskurensa ke nan guda ɗaya, kuma duk yoyon nan uku daga shi suka samo asali.

Duk da haka, da 'yata ta fari ta isa shiga makaranta, zuciyata ta koma zaure. Na zauna na zuba wa maiɗakina bayani, na kawo tarihi, na kawo hujja, na kawo labarin rake. Ita malamar lissafi ce, tana koyarwa a lokacin. Ta bari na gama tsaf, ta ce: "Malam, in ka tafi ofis da safe, wa zai tsaya da su?" Na yi shiru. Ta ce: "To, ashe aiki kake ɗaukata, ko albashina ba ka tambaya ba." Kunya ta kama ni. Ina ta mafarkin zama Baba, na manta Baba aikinsa ya ajiye kafin ya zama abin da ya zama. Sai da muka yi wata biyu muna juya maganar kafin ta amince, da sharuɗɗa huɗu da ta sa na rubuta da hannuna. Duk ƙarshen shekara malamin waje zai gwada yaran, abin da ya faɗa mu karɓa ko da ɗaci. Yamma ta waje ce: Islamiyya, ƙwallo, gidan dangi. Awannin mace da na namiji ɗaya ne, wanke-wanke da shara a raba daidai. Duk yaron da ya yi hankali ya ce makaranta yake so, a saurare shi. Ta bar aikinta, muka koma rayuwa da albashi ɗaya, ni kuma na ɗauki Turanci da tarihi da dare da ranakun hutu.

Daga wannan tafiya ta shekara goma sha wani abu, ga abin da zan ɗora muku a hannu.

Ku fara da tambayar kanku me ya kawo ku. In tsoro ne kaɗai, na masu satar mutane ko na miyagun abokai, ku sani tsoro ya iya kulle ƙofa amma bai iya koyar da ko baƙi ɗaya ba. In kuɗin makaranta kuke gudu, ku zauna ku yi lissafi da gaske: albashin wanda zai bar aiki, littattafai, ladan malamin da zai zo don darasin da ya fi ƙarfinku, kuɗin jarrabawa. Sau da yawa za ku ga babu rarar da kuke zato. Kai maigida musamman, kada ka yanke hukuncin da wata ce za ta ɗauki nauyinsa. In ba da yardarta ba ne, da zuciya ɗaya, ka bar maganar.

Ku san iyakarku, ku faɗe ta tun da wuri. Ƙaramin yaro awa biyu zuwa uku na natsuwa a rana sun ishe shi, wannan na gani da idona, kuma duk mai haƙurin da ya gama sakandare zai iya koya masa karatu da rubutu da jadawalin sau. Amma akwai ranar da yaro zai kawo tambayar da ba ku da amsarta. Ranar nan ce jarrabawarku. Mu mun haɗa kai da gidaje uku, wata likita tana ɗaukar yaran kimiyyar halittu ran Asabar, muka kuma roƙi wata makaranta ta riƙa barin su shiga ɗakin gwajinta muna biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waya da intanet suna taimako ƙwarai, amma yaron da aka miƙa wa waya aka shige kicin an ba shi abokin hira ne, malami kuwa bai samu ba tukuna.

Ku san doka, ku tanadi takarda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba a Najeriya ya tabbata ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, shekara tara ke nan, ta kuma tanadi gargaɗi da tara, har da ɗauri, ga wanda ya ƙi. Don haka kada ku yi abinku a ɓoye. Ku je hukumar ilimi ta yankinku ku yi bayani, ku nemi makarantar da za ta riƙe sunan yaron a rajistarta ya riƙa zama jarrabawa da ɗalibanta. Ku adana littattafan aikinsa shekara-shekara. WAEC da NECO duk suna da zama na masu zaman kansu, JAMB na jira a gaba, jami'a kuma za ta nemi kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ba za ta tambayi irin hazaƙar da yaro ya nuna a falo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku ajiye baƙon ido. Uba ba ya ganin raunin ɗansa, uwa ba ta ganin nata raunin a koyarwa. Shekara ta uku malamin da ke gwada mana yara ya ce ɗana na biyu yana karatu kamar ruwa, amma in aka ce ya rubuta sai hannu ya ƙi. Na ji haushi har na kusa sallamar malamin. Ashe gaskiya ya faɗa: yaron da baki yake amsa mana komai, mu kuma muna ta jin daɗi. Da babu wannan baƙo, da sai a zauren jarrabawa za mu gane.

Ku sa ido a kan 'ya mace. Duk ranar da za a tashi wani daga karatu don aike ko girki, ku duba wa ake tasowa. In kullum ita ce, to kun fara tafka kuskuren gidanmu.

Sannan kada kowa ya fake da wannan rubutu nawa. A baya Asusun UNICEF ya sha faɗa cewa yara kusan miliyan goma da rabi 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa makaranta a Najeriya, kuma mun san yankin da ya fi yawansu. Yarinyar da ke yawo da farantin talla da hantsi, da yaron da aka saki a titi ba allo ba littafi, ba karatun gida suke yi ba. Wanda ba shi da lokaci, ko ilimi, ko haƙurin zama da yaro kullum ta Allah, makarantar unguwa ko da rufinta na yoyo ta fi masa alheri. Ya kai yaron, in ya dawo ya buɗe jakarsa ya duba abin da aka yi. Wannan ma karantarwa ce a gida, kuma ita ce ta fi dacewa da mafi yawanmu.

'Yata ta fari a gida ta gama, yanzu tana jami'a, ranar farko a ɗakin gwaji ba ta jiƙa rigarta ba. Amma ɗana na biyu, yana shekara goma sha biyu, ya same ni ina alwalar magariba ya tsuguna gefena ya ce: "Abba, ina so in shiga makaranta." Na tambaye shi me muka rage shi da shi. Ya ce ba komai. Ya ce yana so ne ya san ko shi mai ƙoƙari ne da gaske, ko kuwa don ba kowa a ajin sai shi da ƙanwarsa. Ruwan butar ya ƙare a hannuna ban sani ba. Raina ya so in kawo masa hujjoji, ina kuwa da su buhu-buhu. Da dare mahaifiyarsa ta ɗauko takardar nan ta sharuɗɗa daga ƙasan akwati, ta ajiye mini a kan matashi, ba ta ce komai ba.

Ranar Litinin ɗin farko ta zango ni na kai shi. Rigar makarantar ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Muna isa bakin ƙofa aka kaɗa ƙararrawa, yara suka kwasa da gudu, shi ma ya saki hannuna ya bi su, jaka na dukan bayansa, bai ko waiwayo ba. Mai gadi ya turo ƙyauren ƙarfe ya rufe. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙyauren da gini. Sai na tsinci kaina na sunkuya, ina leƙe ta nan, har ya shige cikin layi na daina bambance shi da sauran.